Rigimar kuɗin gina wa Kotoko sitadiyam nata: tambayoyin da ake ta yi min da amsoshinsu

Assalamu alaikum jama'a. Ni ɗan Aboabo ne a nan Kumasi ta ƙasar Ghana, tun ina yaro da ƙafa muke zuwa filin Baba Yara kallon Asante Kotoko, kulob ɗin ƙwallon garinmu, kuma duk lokacin da maganar gina sabon sitadiyam ta taso sai guruf ɗinmu na WhatsApp ya cika da musu har tsakar dare, wasu su ce gwamnati ta biya, wasu su ce Otumfuo sarkin Asante, wasu su ce mu magoya baya mu haɗa, ƙarshe a rabu ana fushi da juna. Tambayoyin da suka fi dawowa ne na tattara a nan. Na faɗa tun farko, ina son Kotoko ta samu gidanta, sosai ma, amma ina da sharaɗi a kan kuɗi kuma za ku gan shi yana ta fitowa a amsoshin.

Wai Kotoko ba ta da sitadiyam ne? To Baba Yara na waye?

Na gwamnati ne. Hukumar wasanni ta ƙasa, NSA, ita ke riƙe da shi, kamar yadda take riƙe da na Accra da Tamale da Cape Coast da Essipong. Kotoko 'yar haya ce a ciki, ranar wasa a ba ta fili, a tashi wasa a cire kason hukuma daga kuɗin ƙofa, shi kenan. Mutane da yawa ba su san haka ba saboda an daɗe ana haɗa sunan filin da kulob ɗin, kuma shi Baba Yara ɗin kansa, Osman Seidu, ɗan Kumasi ne da ya buga wa Kotoko kafin haɗarin motar 1963 ya kwantar da shi har ya rasu a 1969, Allah ya jiƙansa. A 2004 aka sa wa filin sunansa. Amma suna daban, takardar mallaka daban. Kulob da aka kafa tun 1935, ta ci kofin zakarun Afirka sau biyu, 1970 da 1983, har yau tana kwana a ɗakin haya.

Me zai hana mu ci gaba da zama a Baba Yara ɗin, tunda yana cin mutum dubu 40?

Saboda kayan aro ba ya rufe katara. Ku tuna watan Satumba 2024, ƙungiyar ƙasarmu Black Stars suka buga da Angola a nan Kumasi aka ci mu 1-0, ciyawar filin ta lalace har a talabijin kana ganin ƙasa ja-ja, domin kafin wasan an ba da filin an yi wani babban taro a kansa. Bayan 'yan kwanaki hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta janye amincewarta da filin. Kotoko ba ita ta ba da hayar ba, ba ita ta karɓi kuɗin taron ba, amma duk lokacin da aka rufe filin don gyara ita ce ke kwasar 'yan wasa ta je neman wani gari ta kira shi gida, kuma mu da ba mu da kuɗin mota mu zauna a gindin rediyo. Wanda ba shi da mabuɗin ɗaki ba shi ke cewa yaushe za a kulle ba.

Sannan akwai kuɗin da ke zubewa. Allunan talla, shagunan da ke jikin katanga, wurin ajiye motoci, hayar fili a ranakun da babu wasa, duk wannan mai fili ke da iko da shi.

Nawa ne ake gina sitadiyam ɗin ma tukuna?

Mu ɗauki na kusa da mu. Filin TnA na Tarkwa da Medeama ke wasa a ciki, gidauniyar kamfanin haƙar zinari Gold Fields ce ta sake gina shi aka buɗe a 2024, yana cin mutum dubu 10 da ɗoriya, kuma ya ci wajen dala miliyan 16. Wannan fa ƙarami ne. In kana maganar mai cin dubu 30 ko 40 da rufi da fitilu da ɗakunan canza kaya irin wanda CAF ke yarda da shi, to ninka abin za ka yi ta yi. A Turai kuwa ba a magana, Emirates na Arsenal ya ci fam miliyan 390 a 2006, na Tottenham da ɗan wasanmu Mohammed Kudus ya koma ya kai kusan fam biliyan 1.

Kuma abin da ba a so a faɗa a rediyo shi ne ginin ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba. Ciyawa tana son ruwa kullum da mai kula da ita wanda ya san aikin, fitilu na shan lantarki, janareta na shan mai, bayan gida yana toshewa, kujeru na karyewa, masu gadi da masu shara suna jiran albashi ƙarshen wata ko an yi wasa ko ba a yi ba. Filayen da aka gina ko aka gyara don gasar Afirka ta 2008 ai mun gansu sababbi fil da idonmu, kuma mun ga yadda suka koma bayan shekara goma.

Kuɗin ƙofa ba zai iya biya ba? Ai Kotoko ta fi kowa jama'a

Zo mu yi lissafin bakin titi. Lig ɗinmu kulob 18 ne, kenan wasan gida 17 a shekara. A ce, misali ne kawai, kowane wasa mutum dubu 10 sun sayi tikitin sidi 30. Sidi dubu 300 kenan a wasa, sau 17 ya ba ka sidi miliyan 5 da dubu 100 a kaka ɗaya, tun ba a cire kason kowa ba, ba a biya albashin 'yan wasa da koci ba, ba a sayi man bas zuwa Samreboi ko Dormaa ba. Yanzu ka canza shi zuwa dala ka ajiye kusa da miliyan 16 na Tarkwa. Kuma kai da ni mun san ba kowane wasa ake samun dubu 10 ba, ranar wasa da Hearts of Oak ta Accra fili ya cika maƙil, ranar da aka zo da ƙaramin kulob kuma ana ruwan sama sai ka ji muryar koci daga inda kake zaune. Yara yanzu sun fi son su zauna gidan kallo su ga Liverpool.

Akwai kuma yoyon ƙofa. Na taɓa tsayawa layi a wani fili da ba zan ambaci sunansa ba, ina riƙe da tikitina, ina kallon mutane suna miƙa wa mai tsaron ƙofa rabin kuɗi a dunƙule a hannu suna wucewa, ya cusa a safa. Abin ya ƙona min rai ranar. An kawo tikitin waya tun wasan Ghana da Najeriya na Maris 2022, ya taimaka, amma in ba a toshe irin wannan yoyon gaba ɗaya ba ko banki ba zai yarda da lissafinmu ba.

Ba Otumfuo ne mai kulob ba? Ya gina kawai mana

Otumfuo Osei Tutu II shi ne uban kulob, shi ke naɗa masu tafiyar da ita, kuma inda ya fi ƙarfi shi ne ƙasa da kuma kiran masu kuɗi su zauna su saurara. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, a ƙasar Asante in fili ya fito ta hannun Manhyia, fadar sarki, rabin rigima ta mutu, kuma Adako Jachie, filin da Kotoko ke atisaye, yana nan. Amma mu yi adalci, kan sarki ɗaya ne kuma kayan da ke kansa da yawa, ga asusun karatu, ga neman kuɗin gyaran asibitin Komfo Anokye da ya fara a 2023. Ni a ganina bai kamata mu naɗe hannu mu ce uba zai yi komai ba. Kuma girmama sarki bai hana a tambayi waɗanda ya ɗora a kan aiki su kawo lissafi, hasali ma kare mutuncinsa ne.

Gwamnati fa? Ba harajinmu take karɓa ba?

A nan ne musu ya fi zafi. Masu cewa ta biya suna da hujja, sun ce an kashe kuɗi a cibiyar wasanni ta Borteyman da filin Legon don wasannin Afirka da aka yi a Maris 2024, duk a Accra, Kumasi fa? Ni ma wannan maganar tana taɓa ni. Amma ka tambayi kanka, in gwamnati ta gina wa Kotoko, gobe Hearts za ta zo, jibi RTU ta Tamale, sai Hasaacas, kuma duk 'yan ƙasa ne masu biyan haraji. Mai sayar da koko a Bawku da ba ta taɓa shiga Kumasi ba, da wane dalili za a ɗauki harajinta a gina wa kulob ɗaya kadara?

Sannan ina kuɗin? Ƙasar da ta dakatar da biyan bashin waje a Disamba 2022, ta shiga shirin IMF na dala biliyan 3 a 2023, har 'yan fansho suka yi ta zaman dirshan a ma'aikatar kuɗi saboda takardun bashinsu. Ku leƙa kashi na biyu na kasuwar Kejetia ku ga yadda aiki ya tsaya lokacin da maganar bashi ta rikice, 'yan kasuwar da aka tasa suna ta gararamba a bakin hanya. In gwamnati za ta sa hannu, ni abin da zan roƙa shi ne titi, ruwa, lantarki, magudana, da sassaucin kuɗin fito a kan kayan da za a shigo da su. Wannan aikinta ne dama. Ko a Ingila da Manchester United ta fito da shirin sitadiyam mai cin dubu 100 a Maris 2025, rigimar da aka yi ta yi kenan, kulob ta gina filinta, hukuma ta ji da unguwar da ke kewaye. Kuma a guji alƙawarin shekarar zaɓe, an sha zuwa da shebur da 'yan jarida a tona ƙasa, bayan zaɓe ciyawa ta rufe wurin.

To a ci bashi mana kamar yadda Arsenal ta yi

Arsenal ta ci bashi da fam, tana samun kuɗi da fam, kuma duk da haka shekaru ta yi tana sayar da manyan 'yan wasanta tana ɗaure ciki, 'yan Arsenal na bes ɗinmu, wato majalisar da muke zaman hira, ba su manta ba. Mu kuwa bashin da za a ba mu mai yawa haka da dala zai zo, tikiti kuma da sidi ake saya. A farkon 2022 dala ɗaya tana wajen sidi 6, kafin shekarar ta ƙare ta haura 14, hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin 100 a Disamba. Kenan bashinka ya ninka kana barci ba ka ƙara bulo ko ɗaya ba, kuma ba za ka iya ninka wa ɗan aboboya, mai jan babur ɗin kaya mai ƙafa uku, kuɗin tikiti ba, zai daina zuwa ne kawai.

In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa. Valencia ta Sifen ta fara sabon fili a 2007, kuɗi ya yanke a 2009, ƙwarangwal ɗin siminti ya tsaya a tsakiyar gari sama da shekara 15, sai 2025 aka koma aiki. Everton ta samu nata sabon filin a 2025 amma a kan hanya an yanke mata maki saboda lissafin kuɗi, kuma attajirin Rasha da ke tallafa mata aka yanke hulɗa da kamfanoninsa a 2022 da yaƙin Yukren ya tashi. Waɗannan masu kuɗin talabijin ne fa na gaske. Abin da na fi tsoro shi ne a jingina Adako Jachie a karɓi bashi, in an kasa biya a rasa wanda ake da shi ma.

Mu magoya baya mu haɗa ta momo, wato kuɗin waya, in mutum miliyan ɗaya suka ba da sidi 100 ai an gama

Wannan ita ce maganar da na fi ji, kuma ita ce ta fi taɓa zuciyata don da niyya mai kyau ake yin ta. Ranar wata Juma'a bayan la'asar muna bes ana dafa ataya, wani ƙaninmu mai gyaran waya ya buga lissafin nan a kalkuleta ya ɗaga mana, sidi miliyan 100, ya ce yaya ka gani ko, mu kaɗai mun isa. Akwai wani dattijo da ke zama da mu, tsohon direban babbar mota ne da ya yi shekaru yana hanyar Kumasi zuwa Wagadugu, yana cikin filin ranar da aka ɗauki kofin 1983 kuma ba ya gajiya da ba da labarin. Ya kurɓi shayinsa ya ajiye kofin a kan benci ya ce, yaro, wa zai riƙe? Yaron ya ce Baba ai kwamiti za a kafa. Ya ce to wa zai riƙe kwamitin? Aka yi shiru.

Ni kaina maciji ya taɓa sarana. Shekarun baya aka ce za a zagaye wani filin ƙwallon yara a wajenmu da katanga a zuba ƙasa, muka bi gida gida, mata masu sayar da waken safe suka ba da na cinikinsu, ni na ba da kuɗin buhun siminti biyu a lokacin da ba ni da aikin kirki. Aka kawo yashi tifa ɗaya da bulo kaɗan aka ɗauki hoto. Damina ta zo ta wanke yashin, bulon ya bi dare. Babu rasit, babu littafi, in ka tambaya a ce kana zargin manya. Har yau in na wuce wurin ina ganin yaran suna buga ƙwallo a cikin kwata. Ba sidin ne ya fi min ciwo ba, abin da ya fi ciwo shi ne yanzu ko abin alheri na gaskiya aka kawo unguwar mutane ba sa sa hannu a aljihu.

Ba wai ba a taɓa yi ba ne a duniya. Magoya bayan Union Berlin a Jamus da hannunsu suka gyara filinsu a 2008 zuwa 2009, mutum sama da dubu 2 suka yi aikin sa kai. Amma su mambobi ne masu kati masu ƙuri'a, suna zaɓen shugabanni suna ganin lissafi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gaskiya ne, sai dai duk wanda ya sa hannu yana da haƙƙin ya san ɗakin wa ake rufewa. Kuma mutum miliyan ɗayan nan, da yawa masoyan baki ne da Facebook, a fara ƙirga masu biyan kuɗin Circles, wato ƙungiyoyin magoya bayan Kotoko, duk wata tukuna.

To wane sharaɗi kake so a cika kafin a karɓi kuɗin mutane?

A nuna takardar fili, da sunan wa take, shekara nawa ne hayar, an yi mata rajista a hukumar filaye ko ba a yi ba. A faɗi wanda zai mallaki ginin in an gama, kulob ce ko wani kamfani daban da wasu mutane ke da hannun jari a ciki, domin an sha ganin inda talaka ya ba da gudummawa mai kuɗi ya tashi da kadara. Asusu ya zama na ginin kaɗai, ba wanda za a ɗiba a sayi ɗan wasan gaba in an ci mu wasa uku a jere ba, wallahi wannan jarabar ita ce ta fi kusa. A sa masu binciken kuɗi na waje, a riƙa buga abin da ya shigo da abin da ya fita duk wata uku kowa ya gani a wayarsa. Kwangila a yi ta a fili. Sannan a rubuta tun yanzu me zai faru da kuɗin in aikin bai yiwu ba, ko in an canza shugabanni, don a Kotoko ana canza su akai akai kuma kowa na zuwa da nasa zanen.

Kuma wanda ya bayar a ba shi wani abu a hannu, ko katin mamba mai ƙuri'a, ko ragin tikiti, ko a rubuta sunansa a bulo.

Malam, batun kuɗin ruwa da kamfanonin caca fa? Ya halatta in sa kuɗina?

Wannan fatawa ce, a kai wa malamai, ga su nan a kowane masallaci a Zongo. Abin da zan iya cewa shi ne tambayar tana da muhimmanci kuma bai kamata a yi wa mai yin ta dariya ba, domin kamfanin caca betPawa ya taɓa ɗaukar nauyin lig ɗinmu gaba ɗaya a 2022, ba abin mamaki ba ne gobe irinsu su nemi a sa sunansu a jikin fili. Akwai kuma hanyoyin tara kuɗi marasa ruwa, Najeriya tun 2017 take gina tituna da sukuk, inda mai zuba kuɗi ke cin rabonsa daga hayar kadara. In masu shirin suna son kuɗin 'yan kasuwar Zongo, da Alhazan Alabar da masu shanu da masu goro, to su zauna da su su ji wannan damuwar tun kafin a buga fosta.

A kawo mai kuɗi daga waje ya gina, a sa sunansa

Ba laifi, sayar da suna hanya ce, Emirates ta ba Arsenal wajen fam miliyan 100 na shekaru don suna da riga. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A karanta yarjejeniyar da kyau, shekara nawa zai riƙe, wa ke cin kuɗin shaguna da na taro, in yana son ya ba da filin don waƙa ranar Asabar alhali muna da wasa Lahadi wa ke da magana ta ƙarshe. In ba haka ba mun bar hayar gwamnati mun koma hayar ɗan kasuwa. Tsarin mulkin 1992 ma bai yarda baƙo ya riƙe ƙasa fiye da shekara 50 a lokaci ɗaya ba, to a san yadda za a tsara.

TP Mazembe ta Kwango tana da filinta tun 2012 a Lubumbashi, mai cin ƙasa da dubu 20, don Moise Katumbi ya zuba aljihunsa. A nan gida Dr Kwame Kyei, wanda ya taɓa shugabantar Kotoko, ya gina nasa a Abrankese inda Nations FC ke wasa. Kenan ana iyawa. Bambancin shi ne waɗancan kulob na mutum ɗaya ne, Kotoko kuwa ta jama'a ce a ƙarƙashin sarauta, mai kuɗi ba zai zuba miliyoyi ba sai ya san matsayinsa.

A ina za a gina? In aka kai shi bayan gari wa zai je?

Wannan tambayar wata Hajiya ce ta fara yi min, mai soya ƙosai da doya kusa da filin ranar wasa, ta ce ɗana in suka tafi Ejisu ni da kaskona ina za mu bi su? Ban da amsar da za ta gamsar da ita a lokacin. Baba Yara a tsakiyar gari yake, ɗan Asawase da Aboabo da Amakom da Asafo da ƙafa yake zuwa. Adako Jachie ta wajen Ejisu yake, sai ka hau trotro ka bi cunkoson Tech da Oduom, ka biya zuwa ka biya dawowa da dare. Wannan ma lissafin kuɗi ne, don duk wanda kuɗin mota ya hana shi zuwa tikiti ɗaya ne ya ragu. In can ɗin ne, a sa maganar motocin ɗaukar magoya baya da rumfunan masu ƙananan sana'a a cikin zanen tun farko, a kuma ba waɗanda suka daɗe suna sayarwa a tsohon wuri fifiko.

Babba za a gina ko ƙarami?

Ni dai daidai ruwa daidai tsaki. A fara da mai cin dubu 12 zuwa 15, ciyawa mai kyau, fitilu, a bar wuri da tushen da zai ɗauki ƙari nan gaba. Wasan Hearts da manyan wasannin Afirka a kai Baba Yara, ai ba rushe shi za a yi ba. Ƙaramin fili da ya cika ya fi tsorata baƙi a kan babba da ke amsa kuwwa. Na san wasu za su ce wannan raina Kotoko ne, kulob ɗin da kirarinta in ka kashe dubu dubu za su zo, ni kuma na ce gara a gama ƙarami da a bar babba a lintel.

Abu ɗaya da ba a rage masa kuɗi shi ne ƙofofin fita da tsaro. Ranar 9 ga Mayu 2001 a filin Accra, wasan Hearts da Kotoko, aka harba barkonon tsohuwa mutane suka ruga suka tarar da hanya a toshe, sama da mutum 120 suka rasu, da yawansu 'yan Zongo ne, unguwar Nima ta Accra ta yi jana'iza ba adadi. A Fabrairu 2025 ma an kashe wani sanannen mai goyon bayan Kotoko a Nsoatre har aka dakatar da lig. In ɗan kwangila ya ce kuɗi bai kai ba a rage wani abu, a rage ɗakin manyan baƙi.

Hearts sun riga mu kenan da Pobiman?

Pobiman wurin atisaye ne da renon yara, wasan lig har yanzu a filin gwamnati suke yi, su ma 'yan haya ne. Amma a yaba musu, sun bi abin a hankali, kuma shi ma ya ɗauki shekaru masu yawa ana magana kafin a ga gini. Sun taɓa sayar wa jama'a hannun jari a 2011, wanda ke son sanin yadda magoya baya ke amsa kiran kuɗi ya tambayi 'yan Nima da Mamobi da suka saya, su ba shi labari da bakinsu.

Ni ɗan kulob ɗin King Faisal ta Kumasi ne, me ya shafe ni?

Ya shafe ka ɗan uwa. Alhaji Grusah, mai King Faisal, ya yi shekaru yana ɗauke da kulob ɗin nan kusan shi kaɗai, kuma ku ma a filin aro kuke. In Kotoko ta samu nata, Baba Yara zai huta, ciyawarsa ta samu sarari, ƙananan kulob su samu ranakun wasa. In kuma kuɗin gwamnati aka ɗiba to harajinka ne, kana da bakin magana. Kuma yaran da ke cika filayen colts, wato ƙwallon yara, a Asawase da Sawaba da Tafo namu ne duka, ko wace riga suka sa daga baya.

Kai in an buɗe asusun gobe za ka bayar?

Zan bayar, kuma ba sau ɗaya ba, duk wata in Allah ya hore, zan kuma bi bes bes in karɓo na wasu in rubuta sunan kowa da abin da ya bayar. Amma sai na ga takardar filin da sunan masu binciken kuɗin tukuna. Dattijon nan namu ya ce in an cika waɗannan a zo gida a same shi, yana da sidi 500 da ya ware a cikin akwatin da yake ajiye fasfo ɗinsa na Hajji, kuma yana so a ba shi kujera a ɓangaren da rana ba ta bugu da yamma saboda idonsa.